Gurbin da Fura Ta Rasa

Shekarar da na kammala digirina na biyu a fannin kimiyyar abinci a Doha, aikin da nake nema bai samu da wuri ba. Don haka na karɓi wanda ya samu, wato haɗa askirim a wani ƙaramin kanti da ke unguwar Bin Mahmud, tsakanin shagon aski da kantin kayan masarufi. Mai kantin ɗan ƙasar Lebanon ne, dattijo mai tumbi da fara'a, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kanada. Shi ne kafil ɗina, da sunansa takardun zamana suke. Ina ce masa Maigida, shi kuma yana ce mini Ustaz, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don tsokana.

Firizar gilashin da ke gaban kantin gurbi goma sha biyu gare ta, kowane gurbi da kwanonsa na ƙarfe, kowane kwano da irin ɗanɗanonsa. Na ƙarshen, can ƙuryar hagu inda hasken fitila bai kai sosai ba, shi ne nawa. Askirim ɗin fura ne a ciki.

Ban samu gurbin nan a ɓagas ba. Sai da na yi ta zarya zuwa kasuwar Abu Hamour kafin na gano wani Ba'indiye mai sayar da gero mai kyau, wanda ba a cuɗa shi da tsakuwa ba. Babu turmi, babu taɓarya, da injin markaɗen kantin nake surfe, da shi nake niƙa, bayan an tashi aiki. In na sa citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono na dafa dunƙulen na kirɓa, fura takan fito yadda take a gidanmu a Zariya. Matsalar tana farawa ne in ta shiga sanyi. Geron ya daskare ya zama kamar yashi a baki, tsamin nonon kuma ya mutu murus. Nonon da ake sayarwa a nan ya cika ruwa, dole na koma ina kwantar da kindirmo da kaina. Na zubar da gwaji ba adadi kafin na samo ma'aunin da geron zai yi laushi, yajin ya tsaya a bayan harshe, tsamin kuma ya rayu. Ranar da Maigida ya ɗanɗana ya gyaɗa kai ya ce a sa a ƙuryar hagu, na fi murna da ranar da aka miƙa mini takardar digiri.

A ranakun aiki ba ta cika tafiya ba, ba zan ɓoye ba. Amma ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, mutanenmu sukan cika kantin: direbobi, masu gadi, ɗalibai biyu ko uku. Jagoransu wani dattijo ne Bakano, direban gidan wani Balarabe, wanda kowa ke kira Baba. Tun ranar da ya ji ni Bazazzagi ne bai sake barina na huta ba, saboda wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Sukan tsaya a bakin kanti da kofunansu, suna sha suna labarin gida, har kwanon ya ƙare tas kafin la'asar. Na sha ganin ƙato ya kai cokalin farko baki ya kau da kai. Ni na san abin da ya tuna.

Wata safiya a farkon Disamba na shigo na tarar an rataye ƙananan fitilu masu walƙiya a taga, Maigida kuma yana tsaye gaban firiza hannuwansa a baya.

Ya ce, "Ustaz, watan ya kama. Bana za mu yi egnog."

Na ce masa ban san shi ba. Sai ya ja kujera ya yi mini bayani. Abin sha ne na mutanen Amurka da Kanada, ba sa yin sa sai a bikin Kirsimeti da ƙarshen shekara. Gwaiduwar ƙwai ake kaɗawa da sukari, a haɗa da madara da kirim, a barbaɗa gyaɗar ƙamshi da kirfa. A watan nan, in ji shi, komai nasu sai an sa masa ɗanɗanon: kek, biskit, kofi, askirim. Ya ba ni labarin tsohuwar da ya yi haya a gidanta a Kanada, wadda takan miƙa masa kofi guda in ya dawo aiki cikin ƙanƙara. Har idonsa ya kawo ruwa.

Na tambaye shi maganar giya, don na taɓa jin ana danganta abubuwan shansu na biki da ita.

"Wasunsu suna zubawa. Mu ba za mu zuba ba. So kake a rufe mini kanti?"

"To a wane gurbi za a sa shi, Maigida?"

Da haɓa ya nuna ƙuryar hagu.

Na tuna masa cewa cakulan gurbi biyu gare shi, mai duhu da mai haske, kuma bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Na tuna masa jama'ar Juma'a. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dafa kafaɗata.

"Wata guda ne kawai. In Janairu ya zo mu mayar da furarka. Khalas, magana ta ƙare, Ustaz. Yalla, ƙwai yana cikin firij."

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne, ashe na san abin tun ina yaro. Ƙwai da madara ne. A wurinmu ba a kaɗa ƙwai a madara sai in mutum ya kwanta ciwo ya tashi ya rame, ko mace ta haihu ta zubar da jini. Lokacin da na yi fama da zazzaɓi ina aji huɗu na firamare, Innata takan huda gwangwanin madara da bakin wuƙa, ta fasa ɗanyen ƙwai a kofin silba ta kaɗa, ta toshe mini hanci da yatsu biyu ta ɗura mini. Har yau ban manta ƙarnin ba. To abin da ake ɗura wa majinyaci da ƙarfin tsiya shi aka yi wa ado da gyaɗar ƙamshi aka kira shi abin biki, kuma don shi za a ɗage abincin da ya raini al'umma guda. Da hannuna na ciro kwanon furar na wanke na kife.

Haɗa shi aiki ne mai buƙatar natsuwa. Ɗanyen ƙwai ba ya shiga abincin sayarwa, dole a dafa gwaiduwar a cikin madara a wuta kaɗan kaɗan, ana juyawa ana duba ma'aunin zafi. In zafin ya zarce da ɗan kaɗan ƙwan ya dafe ya yi gudaji. In bai kai ba ƙarni ya rage, ga haɗarin ciwon ciki. In gyaɗar ƙamshin ta yi yawa ya yi ɗaci kamar magani. Ina tsaye a kan tukunyar na ga hanyoyi da dama da abin zai lalace ba tare da an ga hannuna ba, kuma Maigida da ya rabu da ɗanɗanon shekaru masu yawa ba zai iya cewa ga inda aka kuskure ba. Amma ban yi karatu don in ɓata abinci ba. Na tsaya na yi shi yadda ya kamata, har ma na ɗan ƙara gishiri don ya danne zaƙin, wanda ba ya cikin abin da aka gaya mini.

Ya fito sumul, launin ruwan ƙwai, babu ƙarni ko kaɗan. Na ɗanɗana na ji ya yi daɗi, raina ya ƙara ɓaci. Maigida ya kai cokali baki, ya lumshe ido, ya kama kaina ya sumbaci goshina. Ya ce na tsohuwar ma bai kai wannan ba.

Abin da na riƙe a raina shi ne Juma'a. Na tabbata in mutanenmu suka zo suka tarar babu fura za su juya, Maigida ya ga kantinsa fayau a ranar da ya saba cika, ya gane da kansa. Ban gaya wa kowa ba, na bar abin ya faru a gaban idonsa.

Juma'a ta zo, Baba ya shigo a gaba, sauran suna biye. Ya leƙa ƙuryar hagu, ya gyara zaman tabarau, ya sake leƙawa.

"Kai Bazazzagi, me ya sami furar? Shawara ce ta kama ta?"

Kantin ya kaure da dariya. Na ce, "Ba fura ba ce, Baba. An cire ta. Wannan abin bikin Turawa ne, ƙwai da madara."

"Ƙwai da madara? Wa ya haihu?"

Wani mai gadi ɗan Gusau, dogo, da ke tsaye a bayansa ya ce, "Ikon Allah. Wato su duk ƙasar ke kwanciya ciwo a watan?"

"A'a, murna suke yi da shi," na ce.

"Murna! To in ba su da lafiya me suke sha, tuwo?"

Na saci kallon Maigida. Ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskokin, ya daina goge kanta ya tsaya. Na ji daɗi a raina. Wani daga baya ma har ya ce su tafi kantin shayi kawai.

Sai Baba ya ce, "Tsaya. Ɗan ɗibo mini a cokali, in ji me Zagezagi suka iya lalatawa."

Na ɗiba na miƙa masa. Ya sa a baki ya jujjuya.

"Ƙwai nawa ke cikin kwanon nan?"

"Da yawa, Baba."

"Madarar kuma ta gaske ce, ba ta gari ba?"

"Ta gaske ce."

Ya juya ya dubi jama'arsa. "To ai wannan magani ne, jama'a. Ni da nake wuni a kan sitiyari bayana kamar zai ɓalle? A gida sai ka roƙi tsohuwa kafin ta kaɗa maka guda, ga shi nan an kaɗa an sanyaya. Cika mini kofi, ɗana." Sannan ya nuna ɗan Gusau da cokali. "Wannan kuma ka cika masa babba. Wata mai zuwa zai tafi hutu gida, kada a ce Qatar ta tsotse shi."

"Baba, ka ji tsoron Allah, da girmanka!"

"Girman ne ya sa na sani. Sha ka yi shiru."

Na yi ƙoƙarin yi musu bayani. Na ce abin da ke ciki mafi yawa sukari ne da maiƙo, ba ya ƙara jini, ba ya warkar da ciwon baya, kuma mai hawan jini ko ciwon suga gara ma ya yi nesa da shi. Na faɗa a hankali, dalla dalla, don gaskiya ce kuma fannina ne.

Baba ya ce, "Mun ji, farfesa. Ƙara ludayi ɗaya."

Kafin la'asar kwanon ya ƙare. Maigida ya ɗaga mini gira daga bayan kanta yana murmushi.

Juma'ar da ta biyo jama'ar ta ninka. Waɗanda ban taɓa gani sun zo shan fura ba suka zo, wasu tun daga Madinat Khalifa, kowa yana tambayar "mai ƙarin jinin nan". Sunan da suka raɗa masa ke nan. Wani ya sayi kofi biyu ya kai wa abokin ɗakinsa da aka sallamo daga asibiti. Turawan da aka yi abin dominsu sun zo jefi jefi, su ɗanɗana su ce ya tuna musu gida su wuce. Masu shanye kwanon mutanenmu ne.

Wannan shi ya fi ci mini rai, har yau kuma bai daina ba. Ban ga laifin Maigida da ya yi kewar abin da ya sha a ƙuruciyarsa ba, kowa da abin da ke tuna masa gida. Amma mutanen da na ga sun kau da kai don kada a ga idonsu a kan cokalin fura, a cikinsu babu wanda ya taka ya je wurin mai kanti ya ce ina furarmu. Da mutum biyu sun yi haka da ya isa. Su ne suka san wahalar samun gero a ƙasar nan, su ne suka san babu wani wuri a birnin da za su same ta, suka bar ta ta fita daga firizar kamar ba a taɓa yin ta ba. In na yi ƙorafi sai su ce ai wata guda ne.

Da Janairu ya shigo aka sauke fitilun taga, na tafi Abu Hamour na sayo gero rabin buhu, na ɗauko shi a kafaɗa daga bakin titi har bayan kanti. Maigida ya gan ni, ya ce in ajiye in zo mu zauna.

"Ustaz, furarka, wane biki ne nata?"

Ban gane tambayar ba, na ce ya maimaita.

"Egnog na Kirsimeti ne. Mu muna da abin da ba ma sha sai a Ramadan. Taka ta wane lokaci ce?"

"Ba ta da biki, Maigida. Kullum ake shan ta."

Ya girgiza kai kamar likitan da ya gano cuta. Ya ce shi da niyyar cire egnog ya kwana, amma mutanena sun hana, ba zai ɗage kwanon da ke ƙarewa duk Juma'a ba. Sai dai ga shawara. Zai ɗage cakulan mai haske na wata guda a shekara ya ba fura, da sharaɗin a yi mata allo a taga, a ce abin bikin mutanen Najeriya ne, na lokaci kaɗan. Mutane, in ji shi, suna rububin abin da aka ce zai wuce. Abin da ke nan kullum ba mai waiwayarsa.

"Ka zaɓa. Ramadan ko Idi?"

Na ce masa a azumi kunun tsamiya da koko muke buɗa baki da su. Da Sallah tuwo ne da masa da nama. Akwai masu yin sahur da fura, gaskiya ne, kamar yadda suke shan ta a sauran watanni. Fura ita ce abin da ake kai wa manomi gona da rana tsaka. Ita ake dama wa baƙo tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ita ke zaune a ƙwarya a rufe da faifai a ɗakin tsohuwa, duk jikan da ya shigo ya kurɓa. Darajarta ke nan, cewa ba a jiran wata rana kafin a sha ta. Kuma na tuna masa, cikin ladabi, cewa alkawarin da aka yi mini na Janairu ne, ba a sa masa sharaɗi ba.

"Allo ne kawai, Ustaz. Kalma uku."

"Masu karanta allon su suka fi kowa sanin ba haka ba ne."

Ya buɗe hannuwa ya ce in yi tunani.

Ranar Juma'a na ja Baba gefe na gaya masa yadda muka yi, ina sa ran ko yanzu zai shiga ya yi magana. Ya saurara yana lasar cokali.

"Kai Bazazzagi, taurin kanka ya yi yawa. Ka ce masa ta Sallah ce mana."

"Ba ta Sallah ba ce, Baba."

"Ba ka taɓa shan fura ranar Sallah ba?"

"Na sha."

"To ina ƙaryar?"

Na ce ƙaryar tana cikin sauran ranakun da za a ce ba nata ba ne. Na ce abin da aka ƙirƙira don wata guda an ba shi shekara, abin da ake sha duk shekara kuma an ce sai ya yi shigar biki kafin a ba shi wata guda, kuma ni ake so in ɗinka masa rigar. Baba ya dube ni na ɗan lokaci, fuskarsa ba wasa a wannan karon.

"Ɗana, wata guda ya fi babu."

"Da kun tambaye ta, da ba a kai ga haka ba."

Baba ya dafa ni, ya koma cikin jama'a. Jim kaɗan na ji muryarsa yana cewa a cika wa wani baƙo kofi, sabon zuwa ne, jirgi ya gajiyar da shi.

Maigida ya sake tuntuɓata kafin azumi, ya sake kafin babbar Sallah. Amsata ba ta canja ba, shi ma bai janye sharaɗinsa ba, daga nan maganar ta mutu. Na ci gaba da kaɗa gwaiduwa kowace safiyar Alhamis, ina duba ma'aunin zafi, ina barbaɗa gyaɗar ƙamshi daidai gwargwado, har cikin tsananin zafin bazara lokacin da a ƙasashen da suka ƙirƙiro abin babu mai tuna shi. Ban taɓa bari ya yi gudaji ba.

Geron ya zauna a bayan kanti, jingine da bango, don na ƙi in ɗauke shi. Ɗakin da nake haya ba a yarda a yi girki a ciki ba, injin kantin kuma yanzu ba shi da dalilin niƙa shi. Wata rana na kwance bakin buhun na ga ƙwari sun shiga, ƙasan ya fara zama gari. Akwai wani Basudane a benen da ke bayanmu mai kiwon tattabaru a saman rufi. Na ɗauka na hau masa da shi. Ya ɗebo a tafin hannu ya duba, ya ce gero mai kyau ne, nawa zai biya. Na ce ya bar shi.